Tauraron da Ba Ya Faɗuwa: Darasi ga Marubuta Daga Wasan Kan Tabarma

Wani ciwo da ya daɗe yana cin ƙagaggun labaranmu, musamman na jarumtaka, shi ne tun daga shafin farko mai karatu ya san tauraro ba zai taɓa faɗuwa ba. Marubuci shi ne wuƙa shi ne nama. Sauran mutanen labarin kuwa 'yan amshin Shata ne. Muna ganin akwai maganin wannan ciwo a cikin wani wasa da ya kamata marubuta su sani.

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki tauraro guda, ya rubuta ƙarfinsa da wayonsa da rauninsa a takarda. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa. Shi zai bayyana gari da daji da abokan gaba, sannan ya tambayi kowa abin da zai yi. In abu ya zo da shakka sai a jefa ɗan lido, wani ma mai fuska 20, a ga ko an dace. Daga baya wasu suka biyo, kowane da dokokinsa: Traveller (1977) na tafiya sararin samaniya, da Call of Cthulhu (1981) na ban tsoro, wanda a cikinsa gudu ya fi tsayawa amfani. Turawa a kan tebur suke yi. Mu sai mu ce wasan kan tabarma.

Idan muka duba da kyau, abin ba baƙonmu ba ne. A wasan kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, samari kan naɗa gwamna da alƙali da 'yan sanda a tsakaninsu, a yi shari'a a ci tara, babu mai riƙe da rubutaccen zance. A wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Haka tashe, daga goma ga azumi, yaro ya zama Jatau mai magani. Ƙa'ida ɗaya ce: an san matsayin kowa, amma ba a san inda zance zai faɗa ba.

To, mu auna littattafanmu da wannan ma'auni. Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam duk 'ya'yan gasar 1933 ne. Ganɗoki yana da zafin harshe da kirari mai tsuma jiki, kuma farkonsa, inda ake gwabzawa da Turawa, yana da nauyi domin mun san ƙasa ta faɗi. Amma da ya shiga duniyar aljanu sai fargaba ta gushe, don babu mai iya tsayawa gabansa. Ruwan Bagaja kuwa, daɗinsa yana ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yau Alhaji Imam ya yi masa ƙeta, gobe ya rama. Kai ka ce mutum biyu ne ke wasa, kowa da nasa nufi. Marubutanmu da yawa sun gaji Ganɗoki, sun manta da Zurƙe.

Ga yadda za a gwada. Mu ɗauki Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, inda ya rasu a 1837. A zamanin Aliyu Babba, lokacin da Barth ya sauka garin a 1853, hare-haren Gobirawa sun hana hanya lafiya. Alƙalin wasa sai ya ce ayari zai fita, an ga ƙura daga arewa. Ɗaya shi ne madugu mai bashi a wuya, ɗaya mai gadin ƙofa, ɗaya 'yar taru mai kai saƙon Nana Asma'u ƙauye. Kowa zai ja labarin zuwa buƙatarsa. Shugabannin jihadi kansu a bar su a gefe saboda girmamawa. Talakawan zamaninsu sun ishe mu.

In an gaji da tarihi, a sauya fage. A zo madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima: manomin albasa yana jiran a sako ruwa, masunci da makiyayi kowa da nasa kuka, ma'aikacin dam kuma yana tsakiya. Nan takobi ba ya aiki, sai iya magana. Marubucin da ya zauna a matsayin makiyayi na awa biyu ba zai ƙara zana shi kamar gunki ba.

Sai dai akwai hanzari. Na farko, malamai da dama ba su yarda da wasan ɗan lido ba ko da babu kuɗi. Wannan ba ya kashe wasan, domin tun 1991 aka fito da Amber, wanda ba a jefa komai, alƙali ke hukunci bisa abin da ke takardar kowa. Na biyu, kada mu kwaso halittun tatsuniyoyin Turai alhali muna da Dodo da Gizo da Ƙoƙi. Na uku, wasa ba littafi ba ne. Abin da aka faɗa kan tabarma ɗanye ne, sai an kai shi maƙerar alƙalami.

Bugu da ƙari, duk wanda ya san halin da ƙauyukan Rabah suka shiga tun harin Tabanni na 2018, da abin da ya faru a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ya san rashin tsaro kan fara cinye dandali da hirar dare. Wasan da zaure ɗaya da takarda suka ishe shi yana iya riƙe wa yara al'adar ƙirƙirar labari.

Saboda haka muna ba rassanmu shawara, a taron karatu na gaba a ware awa ɗaya. Marubuci ya kawo tauraronsa, ya miƙa abokin gabar ga wani ya riƙe. In tauraron ya sha ƙasa, a koma ga rubutu. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.