4.2 Daji da Hamada a Cikin Littafin Shaihu Umar

Masu nazari sun fi karkata ga bauta da cinikin bayi a matsayin babban jigon Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933. A wannan sashe za a duba wani ɓangare da ba a cika kula da shi ba, wato rawar da muhalli ya taka a cikin labarin.

Idan aka bi zaren labarin za a ga cewa muhalli iri biyu ne ke juya rayuwar tauraron. Na farko shi ne daji. Lokacin da aka sace Umar yana yaro daga Kagara, kura ce ta hallaka ɓarawon da ya ɗauke shi. Ashe ke nan dajin wancan zamani mai duhuwa ne, namun dawa na yawo dab da gari. Na biyu shi ne hamada. Ita ce ta shiga tsakanin Umar da mahaifiyarsa bayan Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, ita ce kuma uwar ta ƙetara cikin ƙangin bauta har Murzuƙ da Tarabulus. A kan hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarin, Umar ya tsira, daga bisani ya zauna a Rauta yana karantarwa.

A nan marubucin ya nuna gwaninta, domin bai kawo daji da hamada don ado ba. Duk inda aka cire su, zubin labarin zai rushe. Sai dai kuma yana da rauni ta fuskar siffantawa, saboda yakan wuce wurare da hanzari, hankalinsa na kan abin da ya sami mutane. Fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya rage wannan giɓi, tunda ya nuna wa mai kallo faɗin rairayin da idonsa.

Abin lura shi ne yadda zamani ya sauya ma'anar waɗannan wurare. A cikin littafin, hamada wuri ne mai nisa, sai fatake da bayi ke ganinta. Ga mai karatu a Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura, wadda ke iyaka da Nijar, al'amarin ya sha bamban. Mutanen yankin sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, sun ga saran itatuwa don girki, sun kuma ga ana dasa jerin bishiyoyi domin tare kwararowar hamada. Kurar da ta ceci Umar kuwa, yawancin yaran yanzu a tatsuniya suka san ta, ko a hannun gardi. Garin da sunansa ma sunan itaciya ne, dole mutanensa su ji wannan sauyi a jikinsu.

Saboda haka littafin ya zama ma'aunin abin da ƙasa ta rasa, ko da marubucin bai nufi haka ba. Umar an raba shi da gida da ƙarfi, amma ya komo ƙasar da ya bari. Manomin da rairayi ya cinye wa gona kuwa, yana zaune a garinsu ƙasar ke sauya masa kama.