Minti 150 a Mako: Lissafin Ya Dace da Matar Gwandu da Ma'aikacin Kalgo?

Idan kana bibiyar shafukan lafiya, da wuya a ce ba ka ci karo da wannan lamba ba: minti 150 na motsa jiki a mako. Asalinta ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ne a Nuwamban 2020. Sun ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Mai juna biyu da mai jego kuma, muddin ba a gano wata matsala ba, su nemi aƙalla minti 150.

Shawarar na da tushe. Ga mai ciki, binciken da hukumar ta tattara ya nuna motsi na rage haɗarin hawan jinin da kan kai ga jijjiga, da ciwon suga na goyon ciki, da ƙiba fiye da kima, da baƙin cikin bayan haihuwa. Kuma an soke tsohon sharaɗin 2010 na cewa sai motsin ya kai minti 10 a jere kafin a ƙirga shi. Yanzu minti biyar ma yana shiga lissafi.

To, ina matsalar take? Lamba ɗaya ce aka miƙa wa mutane biyu da rayuwarsu ba ta haɗu ba.

Ɗauki ma'aikacin ofis ko ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo. Daga gida sai kan babur, daga babur sai kujera, da yamma a majalisa a zauna har isha'i. Wannan, ai shi aka rubuta wa ƙa'idar. Haka ma matar da ba ta cika fita ba, wadda inji ya karɓe mata niƙa, famfo ya karɓe mata ɗiban ruwa.

Yanzu dubi matar ƙauye a ƙasar Gwandu, da cikin wata bakwai, tana sussuka, tana daka, tana jan guga, ga goyo a baya. Ta wuce minti 150 tun kafin Laraba. A takarda ta ci jarrabawa, domin hukumar na ƙirga aikin gida da na gona. Amma a 2018 wani mai bincike a Denmak, Andreas Holtermann, da abokan aikinsa sun ja hankali kan cewa aikin ƙarfi na yini guda ba ya ba zuciya amfanin da motsa jikin ganin dama ke bayarwa: yana daɗewa, akwai ɗaga kaya masu nauyi, ba isasshen hutu. Yawancin hujjojin da ke bayan lambar 150 daga ƙasashe masu arziki suka fito, inda zama ne ciwon. Wannan matar hutu take buƙata, da wanda zai karɓe mata tulu. Maganar nan da ake yi wai daka na sauƙaƙa naƙuda kada ta zama hujjar barin ta da aikin gida duka.

Abu na biyu, zafi. Ƙa'idar ta gargaɗi masu ciki su guji motsa jiki cikin tsananin zafi, amma a jimla ɗaya ta wuce. A Kebbi kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Wannan wata uku ne cur, kuma ba wanda ya faɗa mana yadda za a yi da su.

Don haka kafin ka sa wa kanka buri, fara da ƙirga abin da kake yi yanzu. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan numfashinka ya ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, motsin matsakaici ne. In ka ga makonka bai kai ba, minti 30 sau biyar ya cike shi, bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Zagayen tsakar gida da sauri ma ya wadatar.

Ke kuma mai juna biyu, ki tambaya a wurin awo tukuna, ko a asibitin da ke kusa da ke ko a Cibiyar Lafiya ta Kebbi da ke Kalgo, musamman in an taɓa ce miki kina da ƙarancin jini ko hawan jini. In ba ki saba ba, ki fara kaɗan-kaɗan. Ki sha ruwa kafin ki fara da bayan kin gama, ki guji motsin kwanciya rigingine bayan wata uku na farko. Da kin ga jini, ko zubar ruwa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon mara mai zuwa yana komawa, ki tsaya nan take, a tafi asibiti.