Layin Dogon Nguru da Shirun Marubutanmu

Mun sha karanta littattafan ƙagaggun labarai da aka gina a Dutse ko Haɗejiya ko Gumel, amma da wuya mu ci karo da tashar jirgin ƙasa a cikinsu. Jarumi a mota yake zuwa, a mota yake komawa Kano. Alhali tun 1930 layin dogo ya ratsa ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru.

Wannan shiru ba ƙaramar asara ba ce. Turawa ba don zumunci suka shimfiɗa dogon ba, gyaɗa da fatu suke son kwashewa zuwa teku. Haraji ya sa manomi neman tsabar kuɗi, neman kuɗi ya kai shi ga noman gyaɗa, gyaɗa ta kai shi gaban sikelin ɗan baranda. A bakin tasha aka yi kanti, baƙi daga Kudu suka zauna, lebura ya san albashi, gari kamar Malam Madori ya bunƙasa. Da fari ya afka a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, sai harkar ta durƙushe. Ina labarin ɗan dakon da ya wayi gari babu buhun ɗauka?

In ma an taɓo zamanin, yawanci da begen dalar gyaɗa ake ƙarewa: an ji daɗi da, yanzu an lalace. Bege kaɗai ba ya zama adabi, domin yana nuna tulin buhuna ya ɓoye wuyan da ya ɗauko su. Sembène Ousmane na Senegal bai yi haka ba. A littafinsa na 1960 kan yajin aikin ma'aikatan dogon Dakar zuwa Bamako na 1947 zuwa 1948, matan ma'aikata da yunwar gidajensu ya sa a gaba. A nan gida ma Ɗan Maraya Jos ya ɗauki karen mota, wanda ba a kallo, ya mai da shi abin waƙa.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai reshe zuwa Dutse, garin da tsohon layi bai taɓa bi ba. Muna tsoron kada abin da za a rubuta a kansa ya tsaya a yabon gwamnati. Tsofaffin da suka yi dako da gadi a Ringim suna ƙarewa. Marubucin da ke son labari, ya ɗauki littafi da biro ya same su tun suna iya ba da shi da bakinsu.