Kowa Rabi, To Wace Ce Delu?

Jama'a, tun da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ban taɓa jin macen da ta karanta shi ta ce ita ce Delu ba. Kowa Rabi. Ni ma haka, domin inda Alhaji Abdu ya sake ta saboda amarya, ga 'ya'ya tara, wallahi ji na yi kamar kayana aka watso waje.

Dalili kuwa, Rabi ba irin 'yan matan littattafan soyayya ba ce masu dogon gashi da uba mai kuɗi. Damuwarta kuɗin cefane ne da ba ya isa, da abincin sayarwa da ta kama don ta riƙe 'ya'yanta. Wace unguwa ce babu irinta?

Amma ina da ƙorafi. Ita Delu an zuba mata mugunta zalla, ba a buɗe mana cikinta ba ko sau ɗaya, mu ji me ya fitar da ita bariki. Shi ya sa mai karatu ke tsine mata hankali kwance, alhali wata mai tsinuwar ita ma amarya ce a gidan wata Rabin.

Sai ƙarshen. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji a kasuwa, ya tsiyace, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma. Na san haka ake yi a gidajenmu, marubuciya ba ta yi ƙarya ba. Duk da haka har yau ban yafe wa waɗanda suka mayar da ita ba.