Gizo Biyu: Tsokaci Kan Littattafan Almara da Kayan Wasan Kanti

A shekarun da na yi ina koyar da Hausa a firamare, na sha sa yara su zana Gizo bayan mun gama tatsuniya. A da, in yara arba'in ne a aji, Gizo arba'in zan karɓa: wani da rawani, wani da ƙafa takwas, wani tsoho mai gemu, Ƙoƙi na biye da shi da ƙwarya. Daga baya sai na fara karɓar Gizo iri ɗaya, ja da shuɗi, fuska a rufe. Wannan shi ne Spider-Man, wanda kamfanin Marvel ya fito da shi a Amurka a 1962, ya iso mana a jikin jakar makaranta da mutum-mutumin roba.

Wasu dattawa kan ce illarsa baƙunta ce. Ni ban yarda ba. Ai Abubakar Imam ma ya yi aro daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa a Magana Jari Ce, kuma Umaru Dembo ya kai yaro har sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Bambancin shi ne, waɗannan littattafai sun bar wa yaro aiki. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na 1934, shi zai ƙera wa Malam Zurƙe fuska da murya, shi zai gina garuruwan da Alhaji Imam ya ratsa. Haka motar kara take: sai ka feƙe karan, ka nemo murfin kwalba, ka yi jayayya da abokinka kan ko roka ce ko tifa. Abin roba kuwa a kammale yake zuwa, da sunansa da labarinsa, yaro sai dai ya maimaita.

Sai dai mu malamai ma da namu laifin. Littafin da aka mayar da shi haddar sunaye don jarrabawa ya zama abin roba shi ma. Su kuwa yaran ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Na ga wani a unguwarmu, kwana biyu da saya masa motar kanti, ya ɓalle tayoyinta ya sa wa tasa ta langalanga. Uwarsa ta yi ta faɗa, ni kuwa na tsaya ina duba yadda ya ɗaure gindin tayar da waya.