Turaku, taksi da kwantiragi: yadda ake ba da tarihin ƙungiyar Saint-Étienne

A watan Disamba na shekarar 2013, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saint-Étienne ta buɗe gidan adana kayan tarihinta a cikin filin wasa na Geoffroy-Guichard, wanda shi ne irinsa na farko da wata ƙungiya ta mallaka a ƙasar Faransa. Daga cikin kayan da aka baje wa baƙi akwai turakun raga masu kusurwa huɗu, waɗanda aka sayo daga filin Hampden na birnin Gilasgo a kan Yuro 20,000. A gaban waɗannan turaku ne, ranar 12 ga Mayu 1976, ƴan wasa masu koren riga suka kara da Bayern ta Jamus a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Sau biyu ƙwallo ta bugi sandar sama ta dawo, ta farko daga ƙafar Bathenay, ta biyu daga kan Santini, sannan Franz Roth ya ci wa Bayern ƙwallo ɗaya tilo. Tun daga ranar magoya baya ke cewa da sandar mulmulalliya ce, da ƙwallo ta shiga. Ƙungiyar da ta zama zakaran Faransa har sau 10 ta fitar da kuɗi ta sayi alamar ranar da ta sha kaye, kuma wannan ya nuna yadda ake ba da tarihinta: kamar tatsuniya, mai daɗin ji, mai sauƙin riƙewa, amma wadda ta bar muhimman abubuwa a baya.

Adalci ya wajabta a fara da faɗin amfanin wannan labari. Saint-Étienne gari ne na kwal da ƙarfe, na ƙera bindigogi da kekuna da saƙar zare. Daga nan ne layin dogo na farko a Faransa ya tashi a 1827. Mutanen Pari sun daɗe suna kallonsa a matsayin baƙin gari mai hayaƙi. Amma kashegarin wasan Gilasgo, ƴan wasan da aka ci suka bi titin Champs-Élysées cikin tafi da kirari, shugaban ƙasa Giscard d'Estaing ya tarbe su a fadarsa. Ɗan ramin kwal da bai taɓa ganin sunan garinsu a bakin manya ba, ya ga ƙasa duka ta sa kore. Duk wanda ya raina wannan bai san darajar da wasa ke iya ba talaka ba. Sai dai labarin yana da rauni a wurare uku, kuma a nan ne mai nazari ya kamata ya tsaya.

Rauni na farko shi ne kirarin da ake yi wa ƙungiyar cewa ta ma'aikata ce. Gaskiya ne ƴan rami da maƙera ne suka cika filin da ihu har aka yi masa laƙabi da tukunya mai tafasa. Amma asalin ƙungiyar yana cikin kanti. A 1919 aka kafa ta a matsayin ƙungiyar nishaɗi ta ma'aikatan kamfanin Casino, wanda Geoffroy Guichard ya kafa a 1898. Koren launi na kantunan Casino ne, filin da aka buɗe a 1931 sunan mai kamfanin yake ɗauke da shi, kuma ɗansa Pierre Guichard ne ya shigar da ƙungiyar cikin gasar ƙwararru a 1933. Roger Rocher, wanda ya shugabance ta daga 1961 zuwa 1982, ya taɓa aikin rami yana saurayi, amma a matsayin babban ɗan kwangila ya hau kujerar. Ma'aikata na da murya a wurin zaman ƴan kallo, ragama kuwa tana hannun masu jari. Lokacin da asirin ɓoyayyen asusu ya tonu a 1982, Rocher ya sauka, daga baya ya yi ƴan watanni a gidan kaso, ƙungiyar kuma ta faɗa rukuni na biyu a 1984. Tarihin da bai tambayi dalilin da ke sa ubangida ya gina wa barorinsa filin wasa ba, ya tsallake tambayar farko.

Rauni na biyu ya shafi lokaci. Ana ba da labarin kamar ƙarfin masana'antu da ƙarfin ƙungiya tare suka tafi, alhali shekarun sun nuna akasin haka. Tara daga cikin kofuna 10 na gasar ƙasa an ci su ne tsakanin 1964 da 1981, wato daidai lokacin da garin ke rasa abin dogaronsa. Ramin Couriot, wanda ke cikin gari, ya rufe a 1973, shekara uku kafin Gilasgo. Manufrance, kamfanin bindigogi da kekuna da sunansa ke rubuce a ƙirjin rigar 1976, ya durƙushe a 1980. Ma'aikatansa suka yi ƙoƙarin riƙe shi ta hanyar gama-kai har zuwa 1985, abin bai yiwu ba. Ramin ƙarshe na yankin ya rufe a 1983. Garin da ke da mutum fiye da 220,000 a 1968 ya koma ƙasa da 180,000. Ke nan ihun da aka ji a filin Geoffroy-Guichard cikin waɗannan shekaru, da yawansa ihun mutanen da aikinsu ke kuɓuce musu ne. Wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa garin ya rungumi kaye kamar nasara: ya ga kamanninsa a cikin waɗanda suka yi iya ƙoƙarinsu, abin ya ƙi.

Rauni na uku, wanda ya fi damun mai karatu na Afirka, shi ne matsayin da aka ba ƴan wasan wannan nahiya. Kowa ya san labarin taksin Salif Keita: matashi daga Bamako ya sauka filin jirgin Orly a 1967, bai tarar da kowa ba, ya ce wa direba ya kai shi Saint-Étienne, tafiyar kusan kilomita 500, ƙungiya ta biya kuɗin. Ana ba da shi ana dariya, kamar labarin baƙauye a birni. Amma wannan baƙo shi ne ya fara samun kyautar ƙwallon zinare ta Afirka a 1970, ya zura ƙwallaye 42 a kakar 1970 zuwa 1971, ya bar ƙungiyar a 1972 bayan saɓani mai zafi da Rocher, ya koma gida daga baya ya kafa makarantar horar da yara a Bamako, ya kuma shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Mali daga 2005 zuwa 2009. Ya rasu a 2023. Taƙaita rayuwa irin wannan a kan taksi ɗaya tauye haƙƙi ne, ko da da ƙauna aka yi shi.

Kafin Keita akwai Rashid Mekhloufi, ɗan garin Setif na Aljeriya. A watan Afrilu 1958, ana saura ƴan makonni a fara gasar cin kofin duniya da ake sa ran zai buga wa Faransa, ya sulale a asirce zuwa Tunis, ya shiga ƙungiyar ƙwallo ta masu fafutukar ƴancin Aljeriya. Bayan samun ƴanci a 1962 ya dawo Saint-Étienne, a 1968 kuma, yana kyaftin, ya ci ƙwallaye biyu a wasan ƙarshe na kofin Faransa, ya karɓi kofin. Akwai kuma Eugène N'Jo Léa, ɗan Kamaru, wanda ya ci gasar 1957 tare da Mekhloufi. Shi ne, tare da Just Fontaine da masanin shari'a Jacques Bertrand, ya kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙwararrun ƴan wasan Faransa a 1961, a zamanin da kwantiragi ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har ya kai shekara 35. Sai a 1969 aka samu kwantiragi mai wa'adi. Abin lura a nan shi ne, idan ana neman inda tarihin ƙungiyar ya haɗu da gwagwarmayar ma'aikata ta haƙiƙa, a wurin wannan ɗan Kamaru za a same shi, amma sunansa bai kai turakun Gilasgo shahara ba.

Zare ɗaya ne ya ɗinke waɗannan wurare uku, shi ne aiki: wa ke ɗauka, wa ke sallama, wa ke da ikon tashi ya tafi. Ɗan wasa ma ma'aikaci ne, kamar wanda ya biya kuɗi ya zo kallonsa. Tambayar ba ta tsufa ba, domin a 2024 iyalan Guichard sun daɗe da barin fage, wani kamfanin Kanada mai suna Kilmer ya sayi ƙungiyar, kamfanin Casino ma ya koma hannun wasu sababbin masu jari a cikin wannan shekara.

Malamin da zai kai wannan labari aji, ko ƙungiyar al'adu da za ta yi mahawara a kansa, ba sa bukatar su jefar da tatsuniyar. Ita ce ƙofar da ke jawo yaro ya saurara. Amma bayan an gama labarin turaku da na taksi, sai a ɗora shekarun kofuna kusa da shekarun rufe ramuka, a karanta sunan N'Jo Léa tare da na Rocher, a bar ɗalibai su faɗi da kansu ko ƙungiyar ta wa ce.