Mishan da Lakwal a Maraɗi: Nazarin Littafin Barbara Cooper

A 2006 ne Barbara Cooper, masaniyar tarihi ƴar Amurka, ta wallafa "Evangelical Christians in the Muslim Sahel". Littafin ya fara da tarzomar Maraɗi ta Nuwamba 2000, sa'an nan ya koma baya zuwa ga ƴan mishan na SIM da suka zauna Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi da na kutare a Danja.

Ƙarfin littafin yana ga batun harshe. Ƴan mishan sun riƙi Hausa wajen wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki, amma sun yi sanyin jiki ga lakwal ta Faransanci. Saboda haka Kiristocin farko suka iya karatun addini, alhali ƙofar aikin gwamnati ba ta buɗe musu sosai ba. Malaman da ke muhawarar harshen koyarwa za su sami abin tunani a nan.

Aibinsa guda ne: yana cikin Ingilishi, wanda akasarin masu ibada a majami'un Maraɗi ba su karantawa. Ya kamata ƙungiyoyin al'adu su ɗauki nauyin fassara shi da Hausa.